Gyaran Sabo Aikin 'Yan Sabo Ne

Jama'ar unguwar Sabo ta Ibadan, maza da mata, masu gida da 'yan haya, 'yan kasuwa da masu sana'a: An rubuta wannan takarda ne domin a ja hankalinmu kan magana ɗaya: mu zauna da kanmu mu tsara unguwarmu, mu rubuta abin da muke so ta zama, tun kafin wani ya zo mana da nasa tsarin a hannu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Asalin Sabo

Hausawa sun daɗe a Ibadan kafin a yanka Sabo. Da fari a cikin gari suke zaune, cuɗe da Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, bayan kamar shekara goma layin dogo ya kai Kano, sai fatake suka yawaita. A 1916 hukuma ta ware fili a gefen Mokola, wanda a lokacin bayan gari ne, aka ce Hausawa su koma can ƙarƙashin sarkinsu.

Sana'a biyu suka gina unguwar: shanu daga Arewa, goro zuwa Arewa. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969. Ya ƙidaya mutum sama da 4,000 a unguwar, ya kuma nuna ana sayar da shanu kusan 75,000 kowace shekara a kasuwar Ibadan, galibi bashi, ba tare da takarda ba. Maigida ne ke saukar da bafatake, ya ciyar da shi, dillalansa su sayar wa mahauta Yarbawa, shi kuma ya tsaya lamuni har kuɗi su fito. A 1952 jama'ar Sabo suka fara sallar Juma'a a masallacinsu.

Mutanen da suka iya riƙe dukiya mai yawa haka da amana kaɗai ba za su kasa riƙe lambatu da bola ba. Sai dai akwai bambanci. Ciniki tsakanin mutum biyu ne da shaidunsu, baki ya isa. Tsarin unguwa kuwa da hukuma ake yinsa, ita ko hukuma takarda take ji.

Abin Da Ya Canza

Filin 1916 bai ƙaru ba, amma jama'a sun ninka, gari kuma ya zagaye mu. Ga filin wasa na Adamasingba, ga gadar sama ta Mokola, ga manyan tituna ta kowane gefe. Kasuwar shanu ta bar tsakiyar gari. Yau an fi sanin Sabo da canjin kuɗi, da tsire da kilishi, da ɗinki, da ƙananan shaguna. Tsakar gida ta zama ɗakunan haya, ƙofar gida ta zama shago, lungu ya tsuke. Kowa ya ɗan ci taku biyu daga hanya, yana ganin ba komai, har aka wayi gari akwai inda motar kwana-kwana ba za ta shiga ba.

Darussa Uku

Na farko, ruwa. A 1980 kogin Ogunpa ya yi ambaliyar da har yau tsofaffin Ibadan ke ba da labarinta. Ranar 26 ga Agusta, 2011, wata ta sake aukuwa, mutum fiye da 100 suka rasu. Cikin dalilan da aka bayyana akwai toshe magudanai da shara da yin gini a kan hanyar ruwa. Ibadan gari ne mai tuddai. Ledar da aka jefa a kwata a sama, gidan na ƙasa take cika wa ruwa.

Na biyu, cunkoso. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Sasa, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje da rumfuna. Rahotanni sun ce daga gardama kan kayan da suka zube a ƙofar wani shago abin ya faro. Inda babu wurin sauke kaya, babu ƙa'idar shara, babu dattawan ɓangarori biyu da ke zama tare, ƙaramar magana tana iya cin gari.

Na uku, shawara. A cikin 2021 gwamnatin Jihar Oyo ta kwashe mabarata daga titin Jemibewon zuwa wani matsuguni a Akinyele. Ba a daɗe ba aka sake ganin wasunsu a tituna. Ko da niyya mai kyau ce, tsarin da bai lissafa inda mutum ke samun abinci ba, da wuya ya zauna.

Mene Ne Tsarin Unguwa?

Takarda ce da jama'a ke rubutawa tare, mai ɗauke da taswirar unguwa, da jerin matsaloli bisa fifiko, da sunan wanda zai yi kowane aiki, da inda kuɗi za su fito, da lokacin gamawa. Ba sabon abu ba ne a wannan gari. A 1995 an yi babban taron jin ra'ayin jama'a ƙarƙashin shirin raya Ibadan da hukumar mazaunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa. Aka kafa kwamitoci kan ruwa da shara da gyaran kasuwar Bodija, mutanen unguwanni da 'yan kasuwa na zaune teburi ɗaya da ma'aikata, aka gyara wasu idanun ruwa da haɗin hannun mazauna wurin.

A wajen ƙasa ma akwai abin koyi. A unguwar Orangi da ke Karachi ta Pakistan, daga 1980, wani malami mai suna Akhtar Hameed Khan ya koya wa talakawa su haɗu layi-layi. Kowane layi ya zaɓi wakili, ya tara kuɗinsa, ya shimfiɗa bututun ƙazantar layinsa, babban bututu kuwa ya zama alhakin hukuma. Wannan rabon aiki shi ne sirrin: na cikin lungu namu, na babban titi na gwamnati.

Matakan Da Za Mu Bi

1. A kafa kwamiti da sanin Sarkin Hausawa da masu unguwanni da limamai. A sa wakilin 'yan canji, da mahauta da masu tsire, da teloli, da 'yan acaba da masu keke, da 'yan dako, da malaman allo da na Islamiyya, da naƙasassu, da matasa. Kada a bar 'yan haya a baya, su ne suka fi yawa. A gayyaci maƙwabtanmu Yarbawa da sauran ƙabilu masu gida ko shago a cikinmu, domin kwata ɗaya muke amfani da ita.

2. A ji ta bakin mata. Su suka san wace rijiya ke ƙafewa da rani, wane makewayi ke kusa da ruwan sha. A yi musu zamansu a makarantun Islamiyya, mace ta rubuta, a kawo wa kwamiti.

3. A zana unguwa. Matasanmu masu ilimi su bi layi-layi da takarda da wayar hannu, su sa alama kan kowace rijiya, famfo, taransifoma, juji, lambatu da ya toshe, da inda hanya ta tsuke. A liƙa taswirar a ƙofar masallaci mako biyu, kowa ya gyara kuskure.

4. A zaɓi abu uku kacal na shekarar farko. Wanda ya ce zai gyara komai lokaci guda, ba zai gama ko ɗaya ba. A fara da wanda ido zai gani, kamar yashe magudanai kafin damina ta hanyar aikin gayya.

5. 'Yan kasuwa su yi yarjejeniya a rubuce: iyakar inda rumfa za ta tsaya, lokacin sauke kaya, wurin ajiye babura, inda masu tsire za su zubar da toka da ruwan wanke nama, da tukunyar kashe gobara a kowane jerin shaguna. Hanya mai tsabta ita ke kawo mai saye.

6. A tsare amanar kuɗi. Asusu a banki da sa hannun mutum uku, rasit ga duk wanda ya biya, ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Mai shago babba kada a yanka masa daidai da mai tallan goro.

7. A yi wa kwamitin rajista a Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, a kai kwafin tsarin ga kansila da ciyaman da ma'aikatar da ke kula da filaye da tsara birane, a karɓo shaidar an kai.

Mu San Doka

Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kuma ta ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, tare da biyan diyyar abin da aka gina ga mai haƙƙi. Saboda haka duk mai gida ya nemo takardunsa ya adana, magada su daidaita gadonsu, mai sabon gini ya nemi izini kafin ya sa bulo. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta tanadi a baje daftarin tsari a fili domin jama'a su kawo ƙorafi. Wanda bai je ya duba ba, ya yafe haƙƙinsa da kansa.

Kira

Ya ku iyayenmu masu gida, ku ba da wurin zama da albarka. Malamai, ku sa tsabtar hanya da haƙƙin maƙwabci cikin wa'azi. Alhazai 'yan kasuwa, ku fara sa hannu a aljihu, ku fara janye rumfa daga kan kwata. Matasa, ku ɗauki alƙalami da shebur. Kada mu jira damina ta sauka. Kowane layi ya fitar da wakilinsa a wannan wata, a sa ranar zama na farko. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu, amin.