Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan Nawa Ne, Kuma Me Ya Sa Awoyin Suka Bambanta?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina shirin zuwa Umara karo na farko. Tikitina ya nuna tsakanin tashi daga Kano da sauka a Jidda awa shida da rabi ne, amma dawowa bai kai awa uku ba. Shin hanyar dawowa ta fi kusa ne? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Malam, Allah ya kai ka lafiya, ya karɓi ibada. Hanyar ɗaya ce, nisanta bai canza ba. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda kullum kuke jin ƙarar jiragensa a Fagge da Sabon Gari, zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, kusan kilomita 3,400 ne idan aka miƙe. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta saman Chadi da Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa, don haka ta wannan hanya tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi ko kusa da haka, har da tashi da sauka.

Abin da ya ruɗa ka agogo ne. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci a tikiti agogon garin da aka ambata ne. Idan ka tashi Kano ƙarfe goma na safe, ka yi awa huɗu da rabi a sama, agogon hannunka zai nuna biyu da rabi, na Jidda kuwa huɗu da rabi. A dawowa kuwa sai a rage awa biyun nan, lissafin ya yi kamar ya gajarta. Don Allah, da zarar kun sauka ka gyara agogonka, saboda lokutan salla da kuma ranar dawowa. Mutane da yawa jirgi ya bar su a kan wannan kuskure.

Akwai kuma abin da ke ƙara tafiyar da gaske. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa zagayawa, tafiyar ta ƙaru da awoyi, kuɗin kujera ma ya tashi. Haka nan idan jirginka zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, zaman jira kaɗai yana iya fin tafiyar tsawo. Saboda haka kafin ka biya, ka tambayi mai sayar maka da tikitin: jirgin kai-tsaye ne, ko akwai zango, kuma awa nawa za a jira a can.