Ruwan Gishiri da Sukari: Ilmin da Ke Cikin Kofi Guda

Gabatarwa

A wajajen shekarar 1980 an ƙiyasta cewa gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a kowace shekara a duniya. A yau adadin ya koma ƙasa da rabin miliyan. Daga cikin dalilan wannan raguwa akwai wani haɗi mai arha wanda kusan kowace uwa a ƙasar Hausa ta taɓa jin sunansa a asibiti ko a rediyo, wato ruwan gishiri da sukari. Wannan darasi zai bayyana yadda haɗin yake aiki a cikin hanji, da yadda hukumomin agaji suka yaɗa shi.

Abin da Gudawa Ke Yi wa Jiki

Kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne, a jikin jariri kuwa yakan kai kashi 70 ko fiye. A kullum ruwa wajen lita takwas zuwa tara yana shiga hanjin baligi. Kaɗan daga abin da ya sha ne, mafi yawa kuma daga yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da sauransu. Hanji yakan tsotse kusan dukkansa ya mayar cikin jini. Idan ƙwayoyin cuta irin su rotabairos ko ƙwayar kwalara suka ɓata wannan aiki, sai ruwan ya zube tare da sinadaran sodiyam da fotashiyam. Daga nan jini ya ragu, fitsari ya ɗauke, idanu su zurma, maɗigar jariri ta faɗa. Saboda haka ƙarewar ruwan jiki ce take kisa, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. Faɗawar maɗiga alama ce ta rashin ruwa, kuma kuskure ne a danganta gudawar yaro da fitar haƙori a zauna ana jira.

Me Ya Sa Ake Haɗa Sukari da Gishiri?

A shekarar 1960 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Crane ya bayyana cewa a bangon ƙaramin hanji akwai wata hanya da sukarin gulukos yake bi ya shiga jiki, amma sai tare da sodiyam. Daga baya aka gano cewa wani furotin ne ke wannan aiki, yana shigar da ƙwayar sodiyam biyu tare da ƙwayar gulukos ɗaya. Ana iya kwatanta shi da ƙofar da ba ta buɗuwa sai baƙin biyu sun zo tare. Ɗabi'ar ruwa kuwa ita ce ya ratsa siririyar fata zuwa ɓangaren da narkakkun sinadarai suka fi yawa. Don haka da zarar sodiyam da gulukos sun shige, sai ruwa ya bi bayansu. Abin sha'awa shi ne, dafin kwalara yana sa hanji ya yi ta fitar da ruwa, amma ba ya rufe wannan ƙofa.

Wannan ɗabi'a ta ruwa ita ce kuma ta sa awo yake da muhimmanci. Idan sukari ya yi yawa, ruwa zai baro jini ya dawo cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin haɗin. Gishiri mai yawa shi ma haɗari ne ga ƙwaƙwalwar yaro.

Daga Ɗakin Bincike Zuwa Gidaje

A 1968 likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, suka nuna a birnin Daka cewa shan haɗin yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ga masu kwalara. Babban gwaji ya zo a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladesh, sa'ad da kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Da ruwan ƙari ya yi ƙaranci, sai Dokta Dilip Mahalanabis ya sa aka haɗa ruwan a cikin manyan duro, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa kashi 3.6.

A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin yaƙi da cututtukan gudawa. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC ta Bangaladesh ta tura mata ma'aikata gida-gida, suka koya wa iyaye mata kimanin miliyan 12 yadda ake haɗin. A 1982 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, a ƙarƙashin James Grant, ya sa shi cikin matakai huɗu na ceton yara, tare da auna nauyin yaro, da shayar da nonon uwa, da rigakafi. Daga baya aka ƙara da ilmin mata, da tazarar haihuwa, da ƙarin abinci, domin an lura cewa uwar da ta yi karatu ta fi saurin gane alamun haɗari.

Yadda Ake Amfani da Shi

Ƙunshin da ake bayarwa a asibiti shi ne mafi inganci, don yana ɗauke da gulukos giram 13.5, da gishiri giram 2.6, da fotashiyam kulorayid giram 1.5, da sitiret giram 2.9, ana narkar da su a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu shi, sai a zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokalin shayi, duk a shafe ba tare da tozo ba, a lita ɗaya. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka kuma 100 zuwa 200. In ya yi amai, a dakata minti goma, sannan a ci gaba kaɗan-kaɗan da cokali. Abin da ya wuce sa'a 24 a zubar. Kada a daina ba shi nono ko abinci. A shekarar 2004 hukumomin biyu sun ba da shawarar a haɗa da ƙwayar zink ta miligiram 20 kullum, har kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10.

Idan an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko ya galabaita, to a garzaya asibiti.

Kammalawa

Haɗin ba ya kashe ƙwayar cuta, yana riƙe rai ne har jiki ya warke. Tsabtace ruwan sha, da wanke hannu da sabulu, da rigakafin rotabairos, wanda Nijeriya ta sa cikin jadawalinta a 2022, su ne ke tare cutar tun daga tushe. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi yana iya zama dalilin tsirar ƙaninsa.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa ruwan gishiri kaɗai, ba tare da sukari ba, ba ya wadatarwa?
2. Me zai faru idan aka ninka sukarin haɗin?
3. A kawo alamomi uku na ƙarewar ruwa a jikin jariri.