Daga Kwaleji zuwa Jami'a: Jarrabawar da Ba Ta Barin Ɗalibi

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Gummi, ko Anka, ko Bukkuyum, yana da hanyoyi biyu na shiga jami'a. Ta farko ita ce jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Wanda ya ci yakan fara daga aji ɗaya. Ta biyu ita ce shiga kai tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE, inda ake farawa daga aji biyu. Ta haka digirin shekara 4 kan koma shekara 3.

Masu bin hanya ta biyu su ne waɗanda suka fara ratsawa ta wata kwaleji. Akwai mai takardar NCE, wadda ake samu bayan shekara 3 a makaranta irin Kwalejin Ilimi ta Maru. Akwai mai difloma ta ƙasa, ta shekara 2, daga kwalejin fasaha kamar ta Ƙauran Namoda. Akwai kuma wanda ya ci jarrabawar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita.

Kuskuren ɗalibai da yawa shi ne zaton takardar kwaleji ta shafe sakamakon sakandare. Ba haka abin yake ba. Ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, sai an nemi kiredit 5 na WAEC ko NECO, har da Turanci, kuma a mafi yawan fannoni har da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Dalili kuwa, kwaleji takan zurfafa ɗalibi ne a fanninsa, amma sakamakon sakandare shi ne ma'aunin bai-ɗaya da ake auna kowa da shi.

Bayan wannan, mai neman DE sai ya yi rajista da JAMB, kuma tun 2021 ba a yin rajistar sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Kowace jami'a ita ke yanke matakin sakamakon da take karɓa, ta kuma tantance takardu.

Don haka wajibi ne malamai su nuna wa ɗalibai cewa da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya tafi kwaleji da giɓin Turanci ko Lissafi, ya sake zama jarrabawar tun yana shekarar farko, kada ya kammala NCE ya iske ƙofar jami'a a rufe.