Umma ta ce ba za ta koma ƙarin ruwan ba

Anti, mahaifiyata ce ke fama da sankarar mama, an fara yi mata ƙarin ruwan kemo, an yi zagaye biyu. Gashinta ya zube, bakinta duk gyambo, ko kunu ta kurɓa sai ta ce kamar wuta. Yanzu ta kafe ba za ta koma ba, wai maganin ya fi ciwon wahalar da ita. Gwaggonmu kuma ta kawo jiƙon sassaƙe ta ce a bar na asibiti. Jiya da daddare jikinta ya yi zafi, na ba ta farasitamol ta samu barci. Ni ce babba, ni ke jinyarta. Yaya zan yi?

Daga wata 'yarki a Gusau

'Yata, Allah Ya ba Umma lafiya, Ya saka miki da alheri.

Zazzaɓin nan na jiya ya fi komai tayar mini da hankali. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da ba za ta kwantar da ke ba tana iya shiga jinin Umma cikin 'yan sa'o'i. Farasitamol yana rufe zafin ne kawai, cutar tana nan tana aikinta. Ki kai ta asibiti yau, ki faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa tana kan kemo. Ki sayi ma'aunin zafin jiki. Duk sanda ya nuna 38, ko ta fara rawar sanyi, ba a jiran gari ya waye.

Gashi zai dawo bayan an kammala magani. Bakin kuwa, ta riƙa kuskure shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan kowane abinci, ta yi amfani da buroshi mai laushi. A bar kunun ya huce kafin ta sha, a rage tsamiya da yaji, ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Nonon talla da ba a dafa ba a dakata da shi, masu dubiya da ke mura kuma su yi gaisuwa daga nesa.

Batun Gwaggo, ƙauna ce ta sa ta, kada ki yi mata tsawa. Amma hanta da ƙoda su ke tace kemo, jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙarin nauyi ne a kansu. Ki tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita.

Ita kuma Umma, wahala ce ke magana, ki saurare ta. Ki rubuta duk abin da ke damunta a ɗan littafi, ki nuna wa nas ɗin da ke ɗaura mata ruwan. Akwai maganin gyambon baki da na raɗaɗi, likita kuma yana iya rage awon kemo ko ya jinkirta zagaye idan gwajin jini ya nuna haka. Yankewa a tsakiya shi ke ba ciwon damar sake ƙarfi. Ki nemi ƙannenki ku raba kwanan jinyar, amma asibitin nan yau za ku je.