Tasirin Suna a Faɗakarwa: Nazarin Yaƙi da Baƙuwar Rina a Turai

A shekarar 2004 aka fara ganin rinar Asiya, wadda masana ke kira Vespa velutina, a kudu maso yammacin Faransa. Ta shiga Sifaniya a 2010, ta ɓulla Ingila a 2016. A bakin amya take ɓarnarta: takan yi shawagi ta cafke ƙudan zuman da ke dawowa daga kiwo, ta kai wa 'ya'yanta namansu. Sauran sai su ƙi fita, zuma ta ragu, barbarar furanni ta yi rauni.

Da yake gano sheƙarta ya dogara ga idon jama'a, hukumomin Birtaniya sun fito da manhajar Asian Hornet Watch a 2017 domin aiko da hotuna. Sai dai akasarin rahotannin kuskure ne, saboda ana rikita ta da rinar gida. Laƙabin "ta Asiya" asali kawai ya nuna, bai nuna kama ba. Shi ya sa sunan "rina mai rawayan ƙafafu" da ake yaɗawa yanzu ya fi dacewa, domin a cikinsa alamar ganewa take. Mai fassara labarin zuwa Hausa kuwa, idan ya ce "zanzaro", ya ambaci wani ƙwaro dabam, mai ginin laka.