Darasi daga filin ƙwallo: Ba a ba wa wanda ke tsaye fasin

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, musamman matasa, yau ta ƙofar abin da kuka fi sani za mu shiga, wato ƙwallon ƙafa. Mu fara da ɗan lissafi. Wasa minti 90 ne, 'yan wasa 22 ne, ƙwallo kuma guda ɗaya ce. Ko da raba lokacin aka yi daidai wa daida, kowane ɗan wasa minti huɗu da 'yan daƙiƙu zai samu. Ballantana ma ƙwallon tana fita waje, tana tashi sama, alƙalin wasa yana tsayar da wasa. To sauran minti tamanin da wani abu, me ɗan wasa yake yi? Nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Gwani yana ta motsi, yana kuɓuce wa mai tsaronsa, yana neman gurbin da babu kowa, har abokinsa ya hango shi ya turo masa. Wanda ya tsaya wuri guda yana ɗaga hannu yana ihun "ba ni, ba ni", da wuya ya samu, domin ɗan bayan abokan hamayya yana manne da shi.

Haka neman halal yake. Da yawanmu muna tsaye ne muna ɗaga hannu. A jira gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki, a jira kawu ya ba da jari, a jira ɗan siyasa ya zo rabon babur. Idan ka tambayi matashi me ya hana shi sana'a, sai ya ce "Malam, wallahi jari ne babu." Gaskiya ne ana cikin matsi, abinci ya yi tsada, babu mai musun wannan. Amma jari shi ne ƙwallon, kuma mai jari ba ya miƙa shi ga wanda bai taɓa ganin motsinsa ba.

Mu dubi Abdurrahman bin Auf (RA). Ya yi hijira ya iso Madina ba shi da dukiya. Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsa da Sa'ad bin Rabi'i (RA), mutumin da yake cikin masu wadatar Ansar. Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Aka nuna masa kasuwar Banu Ƙainuƙa'a. Ya tafi, ya dawo da ɗan cuku da man shanu, ya ci gaba da sammako kullum. Ba a daɗe ba ya yi aure, ya biya sadaki da zinare gwargwadon nauyin ƙwallon dabino. Ƙissar tana cikin Sahihul Bukhari. Ku lura, kyautar da aka yi masa halal ce, da ya karɓa babu laifi. Sai dai ya san abin da ya iya, ya kuma san cewa ƙaramar ribar da ta fito daga ƙwarewarsa za ta haifi wata gobe.

Wani zai ce to ni da me zan shiga kasuwa? Da ƙafarka, da idonka, da amanarka. A Kantin Kwari akwai waɗanda ba su da rumfa, amma suna ɗaukar hoton atamfa da shadda da izinin mai shago, su tallata a WhatsApp, su kawo mai saye, su karɓi la'adarsu. Dillanci ne, kuma halal ne muddin babu ƙarya da ɓoye aibu. A Dawanau akwai masu haɗa manomin ƙauye da mai sayen riɗi ko wake. A unguwarku ma, zauna ka lissafa abin da mutane suke shan wahala kafin su samu: cajin waya, ruwan sha, kai saƙo, gyaran sola, karatun yara da yamma. Duk inda ka ji mutane suna ƙorafi a kan abu guda, to gurbi ne babu mai tsaro.

Alhaji Alhassan Ɗantata ya yi fataucin goro tsakanin ƙasar Gwanja da ƙasar Hausa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa, yana cikin waɗanda suka gane inda wasan ya karkata, ya shiga sayen gyaɗa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma. Jirgin nan kowa a Kano ya ji kukansa, amma ba kowa ya ruga gurbin da ya buɗe ba.

Shari'a ma ta tanadi hanya ga mai ƙwarewa marar jari. Ita ce mudaraba, wadda malamanmu na Malikiyya suke kira ƙiradi: wani ya kawo kuɗi, kai ka kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, kamar rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Ba a yanka wa mai kuɗi wani adadi tsayayye. Idan aka yi asara ba da sakacinka ba, shi ya rasa kuɗi, kai ka rasa wahalarka. Kafin annabci, Manzon Allah (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija (RA). Me ya sa ta neme shi? Labarin gaskiyarsa da amanarsa ne ya riga shi isa wurinta.

Darasi na biyu shi ne horo. Ibnu Umar (RA) ya ba da labarin tseren dawakin da Annabi (SAW) ya shirya. Dawakin da aka horar sun taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa aka ba su gajeren zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Kowane doki da zangon da zai iya. Kai da ba ka taɓa juya dubu hamsin ba, kada ka ci bashin miliyan biyu. Shekara guda kana yaron shago, kana koyon farashi, da halin masu saye, da rubuta shiga da fita, ita ce atisayenka. Kada girman takardar digiri ya sa ka raina ta.

Haka kuma Salama bin Akwa'i (RA), a hanyar dawowa daga yaƙin Zu Ƙarad, ya yi tsere da wani Ba'ansare wanda ba a taɓa wuce shi a gudu ba. Imamu Muslim ya kawo cewa da farko Salama ya ɗan ja baya yana tattalin numfashinsa, sannan ya ƙara wuta ya cim masa, ya riga shi shiga Madina. Ɗan kasuwar da ya ci ribar watan farko ya canja waya ya ɗinka shadda, ya ƙarar da numfashinsa tun a zangon farko.

Darasi na uku, ba a fita daga fili kafin busar ƙarshe. Manyanmu suna tuna gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A wasan kusa da na ƙarshe Brazil tana gaban Najeriya da ci 3 da 1, saura ƙasa da minti 15. Victor Ikpeba ya farke ɗaya, Nwankwo Kanu ya farke ta biyu a minti na 90, ya kuma jefa ta nasara a ƙarin lokaci. Najeriya ta je ta doke Ajantina 3 da 2 ta ɗauki zinare. Kaya za su kwanta maka, wani zai cinye maka bashi, farashi zai karye. Mumini yana duba inda ɓarakar ta fito, ya gyara, ya koma. Nana Hajara sau bakwai ta kai ta kawo tsakanin Safa da Marwa, ruwan kuma ya ɓuɓɓugo ta inda ba ta zata ba. Ita ta yi sa'ayi, Allah ya buɗe ƙofa. Wannan shi ne tawakkali na gaskiya. Zaman majalisa daga safe har magariba kuwa sunansa mutuwar zuciya.

Sai dai a kula, ƙwallon da aka ci da satar gida ba ta shiga lissafi. Riba, algus, tauye mudu, ɓoye abinci don ya yi tsada, rantsuwar ƙarya, damfara ta intanet, duk wannan ba ƙirƙirar dama ba ne. Alƙalin wasa yana iya kuskure, mala'iku masu rubutu ba sa kuskure.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cacar ƙwallo da ta shigo wayoyin matasanmu. Wasu har "business" suke ce mata. Caca ce, kuma Allah ya haɗa ta da giya ya haramta su a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Ɗan wasa yana gumi ana biyansa, kamfanin caca yana kwashe riba, kai kuma kana zuba kuɗin da za su iya zama jarinka na farko. Lissafa abin da ka zuba a wata shida, ka gani ko bai isa sarin kwalin sabulu ko buhun gawayi ba. Haka kallon da zai sa ka bar sallar magariba ko isha'i ta wuce, asara ce tun kafin a tashi wasan.

Aikin wannan makon: rubuta abubuwa uku da mutanen unguwarku suke buƙata, ka zaɓi guda, ka je wurin wanda ya riga ka a harkar ka ce ya koya maka. Ku kuma masu hali, idan kun ga yaro yana motsi kuma yana da amana, ku ba shi fasin ko da kaɗan ne, a rubuta yarjejeniya a sa shaidu.

Allah ya wadatar da mu da halal, ya tsare mu daga haram, ya sa albarka a cikin nemanmu. Wallahu a'alam.