Madafi a Matsayin Ajin Koyar da Hausa: Misali Daga Masara

Malamin da ke koyar da Hausa a firamaren Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni yana fuskantar wata matsala wadda takwaransa na ƙauye bai san ta ba. Yaran da ke gabansa 'yan birni ne, sun tashi sun tarar da injin niƙa a bakin layi. Da yawansu ba su taɓa ganin an yi surfe ba, balle ribiɗi. In aka rubuta musu waɗannan kalmomi a allo za su haddace, amma haddar aku ce, domin kalmar da ba ta da aiki a idon yaro ba ta daɗewa a bakinsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne a kai darasin gindin murhu, kuma masara ta fi sauran hatsi dacewa da wannan aiki.

Dalili na farko tarihi ne. Masara baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Meziko, kuma ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492. Masana da dama na ganin sunanta daga Masar ya samo asali, watau ta wannan fuska Bahaushe ya zaci ta ɓullo. Ba ta kuwa yi ƙarfi a gonakin Arewa ba sai bayan 1975, lokacin da aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa, aka yaɗa sabon iri da takin zamani. Yaron da ya ji haka ya sami tarihi da labarin ƙasa a cikin goyon masara guda.

Amma inda ribar take shi ne wajen aikatau. A ɗauki tuwon masara kawai. Za a ɓare ta daga totuwa, a surfa, a bakace dusa da faifai, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da rariya, tsaki ya koma gefe don dambu ko fate. In ruwa ya tafasa a yi talge, a zuba gari a tuƙa da muciya, a bari ya sulala, sannan a kwashe da mara. Aikatau fiye da goma ke nan, kowanne da ma'anarsa, ba mai maye gurbin wani. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da irinsu, amma ƙamus ajiya yake yi, ba ya koyarwa. Har ila yau, tsarin aikatau da Parsons ya fitar a 1960, wanda ke wahalar da mu kanmu a jami'a, a fili yake a bakin tukunya: uwa ta tuƙa tuwo, ta tuƙe shi, ta tuƙo mana, tuwo ya tuƙu. Ba sai an ambaci sunan giredi ba, kunnen yaro zai kama bambancin.

Sai rabawa. Waɗannan unguwanni cike suke da ma'aikata daga sassa daban-daban, saboda haka in aka ce kowane yaro ya tambayo yadda ake sarrafa masara a gidansu, ya rubuto a tsare, wani zai zo da koko, wani gugguru, ɗan Yarbawa kuma da agidi. An sami insha'i mai kai da gindi, an kuma ci tare.

Za a ce wuta haɗari ce, kuma makaranta ba ta da kuɗi. Gaskiya ne. Sai dai mudu guda daga kasuwar Tarauni ya ishi aji, kuma malami ne zai tsaya a kan murhu, yara su yi awo da tankaɗe. Abin da ya fi wuya shi ne shawo kan yara maza, waɗanda za su ce girki na mata ne. Su sai a fara musu da gasa masara, tunda sun saba ganin maza na yin ta a bakin Titin Zariya da damina.